Sakatar da Na Yi wa Malama

Sallama gare ku, 'ya'yana da jikokina na cikin waya. Auta ta ce min wasunku suna ta rubuto dariya, wai tsoho mai furfura har a gira me ya sani a zancen soyayya. To ku gyara zama. Ni dai ban taɓa shiga aji ba, bakina nake kaiwa kusa da wayar nan in yi magana, Auta, ƙaramar 'yata, ita ke mayar da ita rubutu. Na kuma gargaɗe ta, in ta rage min ko kalma ɗaya zan gane a fuskarta.

Mai Walda ake ce min, amma abokan aiki Tsohon Ƙarfe suke kira na, wanda tsatsa ta lasa ta tofar. Na faɗo daga saman tankin ruwa na miƙe na karkaɗe wandona. Mota ta kife da mu, ni na jawo direban ta taga. Ɓarayi sun taɓa sara na da adda a kafaɗa, kuma ina da tabbacin addar ta fi ni jin jiki. Abu ɗaya ne ya kusa kai ni ƙasa, rasuwar uwar 'ya'yana, Allah ya yi mata rahama. Bayan ita na ce na rufe wannan shafin, sai zuciya ta nuna min ba ta san alƙawari ba.

Malama maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ta koyar da yara har ta yi ritaya, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun watse neman abinci, ita kaɗai ce a gidan. Mace ce mai tsabta kamar an wanke ta da ruwan sama. Farin gilashi a ido, mayafi ruwan toka da ba ya taɓa yamutsewa, ga furanni da ta jera a tsofaffin gwangwanaye daga bakin ƙofa har bakin taga. In ta ce "Ina kwana, Mai Walda," sai in ji kamar an ba ni lambar yabo. Ba zan ɓoye muku ba, ƙofar gidanta ta waje ba ta da wata lalura, amma na sha zuwa da man giris in ce na ji tana ƙara.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne. Ta tafi asibitin ido, ni kuma ina shago, don da ina gida da labarin ya zama na jana'izar ɓarawo. Ɓarayi suka hauro katanga, suka ɓanɓare tagar kicin, suka ɗauke talabijin da keken ɗinki da agogon marigayi mijinta. Da na shiga na same ta tsaye a ɗakin kwana, ba ta kuka, zanen gadonta kawai take kallo. Sawun takalmi ne a tsakiyarsa, baƙi ƙirin.

"Kayan ba su dame ni ba," in ji ta. "Wani ƙato ya taka inda nake sa kaina."

Washegari ta kira ni ta kunna min saƙon murya na babban ɗanta, wanda muke ce wa Manaja, yana aiki can wani gari mai nisa.

"Umma, magana ta ƙare. Ƙarshen wata zan zo da mota, ki haɗa kayanki. Ba zan iya aiki hankalina yana kanki ba."

Ta kashe wayar ta aje a cinya. "Gidansa a saman bene yake, Mai Walda. Ba maƙwabci, ba mai sallama. In na tafi can, a taga zan ƙare kamar tsuntsun keji."

"Ba yadda za a yi ya haƙura?"

"Ya ce sai dai in ya zo ya ga da idonsa cewa ko ɓera ba zai iya shigowa ba."

Na bugi ƙirji har sai da na yi tari. "Malama, ki bar min. Ko iska sai ta nemi izini."

Ku fahimce ni da kyau, jikokina. In motar nan ta tafi da Malama, ba maƙwabciya kawai zan rasa ba. Maganar da na daɗe ina taunawa a baki ban furta ba, ita ma motar za ta bi.

Na rufe shago na koma gidanta da injina. Kowace taga na ɗaura mata rodi mai kauri, na gitta shi, na narka shi cikin bango, ba gurbin da hannun jariri zai wuce. Katanga na yi mata rawani da waya mai ƙaya. Ƙofar baya ta kicin na dube ta na ce, ƙofa biyu ai gayyatar ɓarawo biyu ce, na bi ta da walda daga sama har ƙasa ta zama bango. Ƙofar falo kuwa na cire ta katako na kafa ta ƙarfe, wadda sai da ƙarti huɗu suka ɗaga. Malama tana kawo min shayi tana tsayawa nesa da tartsatsi, ta riƙe kofin da hannu biyu saboda ciwon gaɓɓai ya ɗan lanƙwasa mata yatsu.

"Mai Walda, gida kake gyarawa ko banki?"

"Abin da ke ciki ya fi na banki," na ce, na yi sauri na rufe fuska da gilashin walda kafin ta ga idona.

Auta tana aiki a wani shagon da ke sayar da ƙararrawar gida da kyamarori da fitilun sola. Da ta leƙo ta ga aikin, sai ta riƙe haɓa.

"Baba, ka bar taga ko ɗaya mai buɗuwa daga ciki mana. Kuma ka bari in sa mata ƙararrawa."

"Ƙararrawa! Abin da ba ya komai sai ihu? Ihu ya taɓa kama ɓarawo?"

"To me ya sa in an gan shi ake cewa ɓarawo, ɓarawo?"

"Ke, tafi can. Ina narka ƙarfe tun ubanki yana saurayi."

"Baba, kai ne fa uban nawa."

"Shi nake nufi."

Abin alfaharina shi ne sakatar. Daga wani ƙarfen babbar mota na yanko ta, kaurinta ya kusa na taɓarya. Na matse ta a gidanta sosai, don na san dabarar ɓarayi ta zura wuƙa su riƙa tura sakata a hankali. Wannan ko shaiɗan ya zo da wuƙarsa sai dai ya koma. Na ja ta da hannuna, ƙaras! Na tura ta, ƙaras! Kamar man shanu. Ana gobe Manaja zai zo na gama ta, da yamma. Na ce wa Malama, "In na fita ki tura ta har ƙarshe, ki bar ta a haka. Ina so yaron nan ya zo ya tarar da gidan a rufe gam, ya ji ƙarar buɗewarta da kunnensa."

Na tsaya a waje ina saurare. Shiru, sai nishi. Can na ji gum, gum, gum.

"Lafiya, Malama?"

"Lafiya lau. Da taɓarya na buga ta, ta shiga."

Na tafi gida ina murmushi, ina cewa mace mai dabara.

Da safe na fito da farar shaddata da ke ƙasan akwati, na kafa hula, na fesa turaren da surukina ya kawo min. Auta ta dube ni sama da ƙasa tana ɗaura ɗankwali za ta tafi aiki.

"Baba, duba aiki za a yi ko ɗaurin aure?"

"Allah ya shirye ki."

"Amin, tare da masu fesa turare har a hula."

Da hantsi motar Manaja ta tsaya, doguwa, an kwantar da kujerun baya don a sami wurin kaya. Wannan kujerun da na gani sun fi sara da adda zafi. Ya fito, dogon yaro mai ladabi, ya rusuna ya gaishe ni. Na buɗe mana ƙofar waje da makullin da Malama ta ba ni lokacin aiki, na zagaya da shi tsakar gida ina nuna masa.

"Ja wannan rodin, ɗana. Ja da ƙarfinka. Ka ji? Uban ɓarayi ma sai dai ya zauna ya yi kuka."

Ya jinjina kai. "Gaskiya Baba, an yi aiki."

Zuciyata ta yi fari ƙal. Muka tsaya a ƙofar falo ya ƙwanƙwasa. "Umma, ni ne."

"Maraba, maraba! Ina zuwa."

Muka ji takunta. Muka ji ƙis. Muka sake jin ƙis. Shiru. Na gyara hula na ce masa, "Saurara ka ji amonta." Amo bai zo ba. Sai ga fuskar Malama a tagar falo, tsakanin roduna, gilashinta ya zamo kan hanci.

"Mai Walda, abin nan naka ya ƙi."

"Ki ja ta dama, Malama."

"Na ja dama, na ja hagu, na yi bisimilla. Yatsuna ba su kama ta."

"Ki naɗa tsumma. Ki zuba mata man girki."

Ta naɗa, ta zuba. Ta ɗauko taɓarya, amma kunnen sakatar ya shige jikin bango, ba inda za ta buga. Manaja ya ce, "Umma, ki zagayo ta ƙofar baya." Malama ta dube ni. Shi ma ya juyo ya dube ni.

"Babu ƙofar baya," na ce. "Na... na inganta ta."

Yaron nan bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. A hankali ya ce, "Baba, da wuta ce ta tashi fa? Da faɗuwa ta yi a banɗaki fa?"

Ni da na faɗo daga tanki ban ji jiri ba, ranar na ji shi a tsaye a ƙasa. Na dubi hannuna, kamar faranti, fata kamar ta kada. Na dubi nata da ta riƙe rodi da shi, siriri, yatsu a lanƙwashe. Da wannan hannun nawa na auna sakatar, kamar ni ne zan kwana a gidan.

Ba lokacin canza kaya. Na jawo injin yankan ƙarfe da farar shaddata na durƙusa. Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika tsakar gida, don labari irin wannan ba ya buƙatar waya. Mai shagon kan kwana ya leƙo yana dariya.

"Tsohon Ƙarfe, an ce ka kama ɓarawo, ashe Malama ka kama!"

"Ka matsa kafin in haɗa da kai."

Wata maƙwabciya tana miƙa wa Malama ruwan sanyi ta tsakanin rodi, tana cewa, "Sannu, Allah ya fito da ke lafiya," kamar mai ziyarar gidan yari. Malama kuwa ta jawo kujera ta zauna a bakin taga tana fifita da mafici, tana kallona. Tartsatsi yana zuba a kan shaddata yana huda ta kamar rariya. Faifan yanka na farko ya cinye, na sa wani. Kuma ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe: ni da na ƙera ƙofar nan, da injina, da rana tsaka, ba mai korata, sai bayan azahar na iya huda ta. Wane ɓarawo ne zai iya? Aikin ba shi da aibi, wuce gona da iri kawai ya yi.

Na zura hannu ta hujin na ja sakatar, ƙaras. Ƙofa ta buɗe, mutane suka yi tafi, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Auta ta iso a lokacin, wani ɗan gulma ya buga mata waya. Ta dubi rigata ta buɗe baki, na ce, "Ko uffan." Ta rufe.

Manaja ya shiga ya rungume uwarsa. "Umma, ina akwatunanki?"

"Suna inda suke. Ku zauna, dukanku."

Muryar aji ta yi amfani da ita, wadda ko ni da ban shiga ajin ba sai da na nemi wuri na zauna. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

"Kai kana so ka sa ni a keji a saman bene," ta ce wa ɗanta. "Shi kuma ya sa ni a keji a ƙasa. Duk don kuna so na, na sani. Amma ba wanda ya tambaye ni. Ni ƙofa nake so wadda zan buɗe da hannuna, da kuma hanyar da in na yi kira za a ji. Auta, abin nan da kika taɓa yi min bayani, yana nan?"

"Yana nan, Mama."

Auta ta gyara zama, ta yi bayani tiryan-tiryan, har na ji wani alfahari duk da halin da nake ciki. Za a manna wasu 'yan ƙananan na'urori a ƙofa da tagogi, in aka buɗe su da ƙarfi jiniya ta tashi unguwa. Fitila a tsakar gida mai kama kanta in ta ga motsi. Batir da sola, don ko an ɗauke wuta abin yana aiki. Da wani ɗan madanni da Malama za ta rataya a wuya, in ta ji abin da ba ta yarda da shi ba, ko jiri ya ɗebe ta, ta danna.

"Rodin Baba kuma a bar shi," in ji Auta. "Ƙarfe yana ɓata wa ɓarawo lokaci, ƙararrawa tana tona masa asiri. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Sai dai kowane ɗaki a yi wa taga ɗaya marfi mai buɗuwa daga ciki, a dawo da ƙofar baya, sakata kuma a yi ta daidai hannun mai gida."

"Dama abin da nake shirin yi ke nan," na ce. Auta ta ci gaba da maganarta kamar ba ta ji ba.

"Kuma saƙo zai shigo wayarka nan take, Yaya," ta ƙara.

Manaja ya girgiza kai. "Saƙo ya shigo ina can wata duniya, sai in yi me? In buga wa ɓarawon waya? Jiniya ta yi ta kuka, kowa ya ce na kusa zai je. Wa zai zo?"

"Sai a ja waya ta kan katanga," in ji Auta, tana kallon silin kamar ba ruwanta, "a sa ƙararrawa ta biyu a ƙofar ɗakin Baba."

"Ni zan zo," na ce. "Ko ina cikin kabari aka danna, zan nemi uzuri."

Yaron ya dube ni. "Baba, ka gafarce ni, amma dole in tambaya. Mutane suna da baki. A matsayin wa za ka riƙa faɗowa gidan mahaifiyata a kowane lokaci?"

Jikokina, an sare ni, mota ta kife da ni, ban taɓa rasa magana ba. Ranar harshena ya yi nauyi kamar an yi masa walda da haƙora. Na buɗe baki, iska ta fito. Na cire hula, na mayar.

Malama ta cire gilashinta tana gogewa da bakin mayafi. "Tambaye shi da kyau, ɗana. Ni ma na daɗe ina jiran amsar. Na ga dai furannina sun yi fure sun zube sun sake yi, shi yana ta zagaye."

Auta ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta suna rawa.

Na miƙe tsaye, da rigata mai huji, da baƙin ƙarfe a fuska. "Manaja, ni ban iya karatu ba, ban iya zaƙin baki ba. Gida nawa ne, sana'a tawa ce, lafiyata ta fi ta wasu samarin. Ina son mahaifiyarka da aure, in ta yarda, in kun yarda. Ƙofar nan ma da ka gani, tsoron kada ka tafi da ita ne ya sa na yi mata nauyi haka."

Manaja ya dubi uwarsa. Ita kuwa ta mayar da gilashi ta ce, "Ni dai ban ce a'a ba."

Ya sunkuyar da kai, na ɗauka fushi ne, ashe dariya yake dannewa. "Baba, ka fara gyara ƙofar. Zan kwana biyu a nan. In na ga Umma ta buɗe ta da hannunta, zan kira ƙannena da kawunmu mu yi shawara, kai kuma ka turo manyanka."

"Manyana? Ɗana, duk na binne su. Ni ne babban."

"To ka turo ƙananan."

Na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Sabuwar sakata siririya, mai santsi, da kunne mai faɗi. Wannan karon kowane abu na gama sai in ce, "Malama, zo ki gwada." Ta ce ya yi tauri, in sake gogewa. Ta buɗe ƙofar da yatsa biyu a gaban ɗanta, ta buɗe tagar ɗakinta, ta fita ta ƙofar baya ta dawo ta gaba tana taku kamar amarya. Auta ta hau tsani ta ɗaura jiniya, ta ja waya zuwa gidanmu. Da Manaja zai tafi, da hannunsa ya ɗaga kujerun bayan motar ya mayar da su yadda suke. Ba abin da ya ɗauka sai ƙullin tsaraba.

Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida, wanzami ya gama aske min rabin kai, sai ƙararrawar ƙofar ɗakina ta ɓarke da kuka. Ban san lokacin da na ture wanzamin ba. Takalmi ɗaya a ƙafa, kumfa a kai, na fizgi guduma na fita da gudun da rabona da shi tun ina saurayi. Na faɗa gidan ina haki.

"Ina yake? Ta ina ya shigo?"

Malama tana zaune a inuwa kusa da furanninta, ta shimfiɗa tabarma, ga butar shayi, ga kofi biyu. Madannin yana hannunta.

"Ba kowa," ta ce. "So nake in ga ko alƙawarin tsoho yana da ƙafa." Ta dubi kaina, rabi fari rabi kumfa, ta tura min kofi. "Aje gudumar, Mai Walda. Zauna, kafin ya huce."